Daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama: tambayoyi da amsoshi kan nisa da tsawon tafiya

Duk shekara idan azumi ya ƙarato ko aka fara shirin jigilar alhazai, tambayoyin nan ne suke dawowa, daga bakin maniyyata, daga 'ya'yan da za su raka iyayensu filin jirgi, da kuma masu jira a can Saudiyya. Nisan da ke tsakanin Kano da Jidda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma awannin da tafiyar ke ci suna sauyawa ƙwarai, kuma mafi yawan wahalar da mutane ke sha tana zuwa ne daga lissafa awannin sama kawai a manta da na ƙasa.

Kilomita nawa ne tsakanin filin jirgin Kano da na Jidda?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kimanin kilomita 3,420 ne idan aka auna ta hanya mafi gajarta a doron ƙasa. Da mil ɗin da aka saba da shi a titi, wajen mil 2,130 ke nan. Matuƙa jirgi kuwa da mil na teku suke lissafi, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, saboda haka a takardunsu nisan yakan fito wajen 1,850. Idan ka ga alkaluma uku daban-daban a intanet kada ka ce wani ya yi ƙarya, ma'aunin ne ya bambanta.

Wannan adadi na layi ne miƙaƙƙe. Jirgi ba ya bin sa daidai wa daida, domin sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, da wuraren da dole a ratsa a sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage. Ko a lokacin zaman lafiya, abin da jirgi yake ci a zahiri yakan ɗara wannan adadi da ɗan kaɗan.

To awa nawa ake yi a sama?

Idan jirgi ya tashi kai tsaye kuma hanyar Sudan a buɗe take, tsakanin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Lissafin mai sauƙi ne. Manyan jiragen fasinja idan sun kai tsayin da suke tafiya a kai, wato kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 3,420 da 850, za ka samu awa huɗu da 'yan mintuna. Sauran lokacin yana tafiya ne wajen hawa da sauka, inda jirgi ba ya cikakken gudunsa, da jan jiki a ƙasa daga inda aka ɗauki fasinja zuwa bakin titin tashi, da jiran izini.

Lokacin da kamfani yake rubutawa a jadawali yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga mazauninsa, ya ƙare a sa'ar da ya tsaya a mazauninsa na can. Shi ya sa matuƙi zai iya cewa "za mu yi awa huɗu da minti ashirin" alhali tikiti ya nuna kusan biyar. Duka biyun gaskiya ne.

Tikitina ya nuna tafiya awa bakwai, dawowa awa uku. An yi kuskure ne?

Ba a yi ba. Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita mutane, kuma ta kan sa a je tarbar baƙo a lokacin da ba shi ba. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, rani da damina, domin duka ƙasashen biyu ba sa juya agogonsu. Kowane lokaci da ka gani a tikiti, agogon garin da aka ambata ne.

Misali, jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 10:00 na dare, ya yi awa biyar. A Kano ƙarfe 3:00 na dare ya yi, amma a Jidda ƙarfe 5:00 na asuba ne, kuma shi za a rubuta. Mai dubawa sai ya ga kamar awa bakwai. A dawowa, ya tashi daga Jidda ƙarfe 9:00 na safe, ya sauka Kano ƙarfe 12:00 na rana, sai a ga kamar awa uku, alhali biyar ɗin nan ce dai. A tafiya ka cire awa biyu, a dawowa ka ƙara awa biyu.

Nijar, Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya da na Najeriya. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, don haka alhajin Kumasi ko Tamale awa uku zai cire. Sudan kuwa awa ɗaya ce tsakaninta da Saudiyya.

Ta ina jirgin yake bi?

Hanya mafi gajarta tana fita daga Kano ta nufi gabas ta ɗan karkata arewa. Ta ratsa Jigawa da Yobe, ta shiga kudu maso gabashin Nijar a yankin Diffa, ta wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ta keta Chadi, ta shiga Sudan ta arewacin Darfur. Daga nan sai hamada zalla har a tsallake Kogin Nilu a arewa da Kartum sosai, wajajen Dongola, sannan a fita gaɓar Bahar Maliya a arewa da Port Sudan. Tekun ba shi da faɗi a nan, minti ashirin ko makamancin haka ya isa a tsallake shi, kuma a lokacin jirgi ya riga ya fara saukowa.

Duk wanda ya zauna kusa da taga da rana, ya kamata ya leƙa, domin kudu kaɗan da wannan layi ne kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna da raƙuma. Suna fita daga Kano ko Sakkwato su bi ta Borno, su shiga Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su wuce Abeche, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir, su kai Ubayyid, su tsallake Nilu, har Suwakin inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yada zango a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri a ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, wasu ma ba su ƙarasa ba, kuma zuriyarsu ce Hausawa da Fulanin da ke zaune a Sudan a yau, a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ɗan da ya ja jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Hanyar sama ma ta gabas ɗin ta fara zuwa mana. Jirage na farko da suka sauka a Kano a 1925 na sojan Birtaniya ne da suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan da Chadi, kuma a 1936 aka fara jigilar kasuwanci tsakanin Kartum da Kano.

Me ya sa a 'yan shekarun nan wasu suke yin awa shida ko bakwai alhali ba su sauka ko'ina ba?

Yaƙin Sudan ne. A ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Kartum, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma a hanyar Kano zuwa Jidda babu ƙasar da jirgi yake daɗewa a kanta kamar Sudan. Dole jirage suka koma zagaye. Wasu suka yi kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya su ɓullo ta gabashin Afirka da Habasha sannan su hau arewa, wasu suka yi arewa su ɓullo ta Masar. Kowace aka bi, an ƙara ɗaruruwan kilomita, an ƙara mai, an ƙara kuɗin ratsa sararin ƙasashe. A aikin hajjin 2023 sai da kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda wannan.

A watan Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda bayan juyin mulkin Yuli, abin da ya ƙara matse hanyar arewa. Hanyoyin da aka yarda a bi suna sauyawa gwargwadon halin tsaro, kuma kowane kamfani yana da nasa hukunci da na masu inshorarsa. Saboda haka kada ka dogara da labarin wanda ya yi tafiyar shekara biyar da suka wuce. Duba tikitinka na yanzu, ka cire awa biyun agogo, abin da ya rage shi ne tsawon tafiyarka.

Tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya ne?

Ba kullum ba, kuma iska ce sanadi. Kamar mai kwalekwale ne a kogi, tuƙi ɗaya yake yi amma bin ruwa ya fi tunkararsa sauri. Jirgi mai gudun kilomita 850 idan iska mai kilomita 50 a awa ta tare shi, a ƙasa 800 yake ci, idan kuma ta turo shi daga baya ya zama 900. A nisan Kano da Jidda wannan bambanci ya kusa rabin awa.

A hanyoyin Turai da Amurka iskar sama kusan kullum daga yamma take kaɗawa, shi ya sa ake cewa tafiya gabas ta fi sauri. Tamu hanyar ba haka take kowane lokaci ba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas a can sama a kan yankin Sahel, don haka mai zuwa Jidda yana tunkararta ne, mai dawowa kuma tana tura shi. Da hunturu abin yakan juya, musamman a ɓangaren arewacin Sudan da Bahar Maliya. Ga kuma hadarin damina, wanda matuƙi yake kewaye shi ba ya kutsawa ciki.

Ni ba daga Kano zan tashi ba. Nawa ne nisana?

Zuwa Jidda, a layi miƙaƙƙe, Maiduguri ce mafi kusa da kimanin kilomita 3,000. Abuja da Sakkwato kusan ɗaya suke, wajen 3,700. Yamai wajen 4,000, Legas wajen 4,200, Accra wajen 4,600. Kowane ƙarin kilomita 850 ka ɗauke shi a matsayin ƙarin awa guda.

Jidda da Madina, wanne ya fi nisa, kuma ina ya fi a sauka?

Filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina yana da nisan kimanin kilomita 3,560 daga Kano, wato ya ɗara Jidda da kilomita 140 ko kusa da haka. A sama wannan minti goma ne. A ƙasa ne bambancin yake da girma. Makka ba ta da filin jirgin fasinja, kuma daga filin Jidda zuwa Harami kusan kilomita 100 ne. Daga Jidda zuwa Madina a mota kuwa fiye da kilomita 400 ne, abin da motar alhazai takan yi awa biyar ko shida a kai.

A ganina, wanda shirinsa ya fara da ziyarar Madina, ya yi iya ƙoƙarinsa ya samu jirgin da ke sauka Madina kai tsaye, ko da ya ɗan fi tsada. Ɗaukar tsohuwa da ta kwana a jirgi a sake zuba ta a mota rabin yini, ba ƙaramin abu ba ne. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ya haɗa Makka da Jidda da Madina kuma yana da tasha a filin jirgin Jidda. Ya sauƙaƙa wa masu umra sosai, sai dai yana da ƙa'idar kaya, kuma alhazan jiha a ƙungiya ake ɗaukar su a motoci.

Na ga tikiti mai araha amma sai an yada zango. Nawa zai ƙara mini?

Ta Alƙahira, Kano zuwa can kimanin kilomita 3,100 ne, sai 1,200 da 'yan kai zuwa Jidda, jimla wajen 4,300. Ta Addis Ababa, 3,300 da 1,400, jimla wajen 4,700. Ta Doha kuwa za ka wuce Saudiyya baki ɗaya ka sake dawowa, jimlar ta haura 6,000.

Amma ƙarin kilomitan ba shi ne abin dubawa na farko ba, tsawon jiran ne. Zangon awa biyu zuwa huɗu daidai ne. Ƙasa da awa ɗaya da rabi ganganci ne, domin jinkiri kaɗan daga Kano zai sa jirgi na biyu ya tafi ya bar ka, ko kai ka shiga kayanka su kwana. Zangon awa goma ko fiye kuma yana buƙatar ka tambayi kamfani tun kafin ka biya ko suna ba da masauki. Ka tabbatar duka tafiyar a tikiti ɗaya take. Idan tikiti biyu ne daban ka haɗa da kanka, jirgi na biyu ba ruwansa da makararka.

Matashi mai lafiya da ya iya karanta allon filin jirgi zai iya rage kuɗi ta wannan hanya. Dattijon da bai taɓa shiga jirgi ba kuma ba ya jin Turanci ko Larabci, kada a tura shi shi kaɗai ta hanyar zango don a rage 'yan kuɗi.

Babban jirgi ya fi ƙarami sauri ne?

Kaɗan. Irin su Boeing 747 da 777 da Airbus A330 da ake jigilar alhazai da su sun ɗan fi 737 ko A320 gudu, amma a wannan nisa bambancin bai wuce minti goma zuwa ashirin ba, kuma shigar da mutum 400 ko fiye da sauke su ya kan cinye wannan ribar.

Tafiyar awa biyar ce, me ya sa alhazai suke kwana a sansani suna jiran jirgi?

Saboda jirgi ɗaya ne yake kai da komowa. Ya kai mutane Madina ko Jidda a awa biyar, ya yi awa biyu ko uku a ƙasa, ya dawo babu kowa a wata awa biyar, ya sake yin awanni ana zuba mai ana awon kaya ana shigar da fasinja. Sawu ɗaya ya ci fiye da rabin yini, idan kuma ana zagaye Sudan ya kusa cinye yinin duka. Matuƙa da ma'aikatan jirgi suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki kafin hutu. A can Saudiyya kuma kowane jirgi yana da lokacin sauka da aka ware masa, idan ya kuskure sai ya nemi wani, a daidai lokacin da jiragen duniya duka suke neman wuri. Jinkirin awa uku a sawun farko yana iya zama na kwana guda a sawu na huɗu. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da aka kafa a 2006, ita take raba jihohi ga kamfanoni, amma wannan lissafi na sawu yana nan ko wane kamfani aka ba.

Yanayin Kano ma yana da nasa. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yakan rage gani har jirgi ya kasa sauka. A zafin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da ake kai maki 40, iska takan yi sako-sako, jirgi mai nauyi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, wanda yana cikin dalilan da ake son tashin dare ko asuba.

Yaya zan yi da salla da azumi a cikin jirgi?

Tunda gabas aka nufa, lokutan salla suna zuwa da wuri fiye da yadda agogon hannunka yake nunawa. Wanda ya tashi ƙarfe 2:00 na rana daga Kano zai sauka ƙarfe 9:00 na dare a Jidda, La'asar da Magariba sun shiga yana sama. Tafiyar ta ninka nisan ƙasaru sau da yawa, don haka kafin ranar ka zauna da malaminka ya yi maka bayanin ƙasaru da haɗa salloli gwargwadon lokacin tashinka. Ka shiga jirgi da alwala. Banɗakin jirgi ƙarami ne, kuma malalar da ruwa a ƙasansa yana cutar da na bayanka.

Alƙibla daga Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, kuma idan jirgi yana bin hanya miƙaƙƙiya, kusan can ɗin goshinsa yake kallo. Idan ana zagaye, wannan ba ya tsayawa, sai a duba taswirar allon kujera ko a tambayi ma'aikata. Mai azumin da ya zaɓi ya ci gaba da azuminsa kuma da faɗuwar rana a inda yake zai sha ruwa, ba da agogon Kano ba. A tafiya yininsa zai gajarta, a dawowa ya tsawaita da kusan awa biyu.

A ina zan ɗaura harami?

Wanda zai sauka Madina ba shi da wannan damuwa a jirgi, zai yi niyya a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, ranar da zai fita zuwa Makka. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka shi ne ya kamata ya shirya. Malamai sun yi saɓani kan ko Jidda tana isar wa mai zuwa daga yamma a matsayin miƙati, don haka ka san fatawar da za ka bi tun daga gida. Masu son fita daga saɓani sukan yi wanka su sa tufafin harami tun a Kano ko a wurin zango, sai su yi niyya idan an sanar cewa an kusa daidai da miƙati. Ka tuna jirgi yana cin kilomita 14 a kowane minti, ba a jira sai an ji sanarwa sannan a tashi neman banɗakin canja kaya.

Mahaifiyata ta tsufa, za ta iya jure awa biyar a zaune?

Mafi yawan tsofaffi suna jurewa lafiya. A nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa motsa ƙafa tana miƙewa lokaci-lokaci, domin dogon zama yana iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ta sha ruwa, kada ta ƙi sha don gudun banɗaki, a nuna mata yadda ake buɗe ƙofar da kulle ta tun da farko. Magungunan hawan jini ko ciwon suga su kasance a jakar hannu, kuma a tambayi likita yadda za a daidaita lokacin shan su da sabon agogo. Idan kunne ya toshe wajen sauka, haɗiyar yawu ko tauna wani abu yana buɗe shi. Keken guragu kyauta ne, amma a nema tun wajen yankan tikiti, domin tafiyar ƙafa a filin Jidda tana da tsawo. Mai ciwon zuciya ko na numfashi ya ga likita kafin tafiya, saboda iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsayin mita 2,000 take.

Daga barin gida zuwa masauki a Makka, awa nawa zan ware?

Ga mai umra a jirgi kai tsaye, ka isa filin jirgi awa uku zuwa huɗu kafin tashi, ka ƙara awa biyar na sama, ko bakwai idan ana zagaye. A Jidda ka ware awa ɗaya zuwa biyu na shige da fice da ɗaukar kaya, fiye da haka a goman ƙarshe na azumi. Sai awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota. Jimla awa goma da rabi zuwa goma sha biyar, ban da tafiyar wanda ya taso daga Katsina ko Azare ko Damagaram kafin ya iso Kano.

Lokacin hajji kuwa, ana sauke alhazai ne a tasharsu ta musamman mai rufi kamar tantuna, wadda aka buɗe a 1981, kuma tantance fasfo da haɗa mutane a motoci yakan ɗauki awanni. A nan yini guda cur za ka ware. Ka sa ɗan abinci busasshe, cajar waya da rigar sanyi mara nauyi a jakar hannu, kuma ka gaya wa na gida kada hankalinsu ya tashi idan ba su ji daga gare ka ba sai awa uku ko huɗu bayan lokacin saukar da ke kan tikiti.